Yadda ake tsara gidajen bene a kan tsohon filin masana'anta a unguwar gefen birni

Kusan kowace unguwa ta gefen birni tana da irin wannan fili: gidan mai da aka rufe, garejin manyan motoci da ya tashi, ƙaramar masana'anta da ta durƙushe, ko ramin da aka daɗe ana jibge shara a ciki har ya cika ciyawa ta rufe shi. Mai neman wurin gina gidaje idan ya gan shi dole ransa ya biya, kuma da gaskiyarsa. Titi ya riga ya iso, ruwa da lantarki suna kusa, akwai makaranta da tashar mota, ga shi ba sai an cinye gonar kowa ba. Gina fulat-fulat a irin wannan wuri yana daga cikin hanyoyi mafi hankali na ƙara matsuguni a birni.

Sai dai filin yana zuwa da abubuwa biyu da sabon daji ba ya zuwa da su: abin da aka bari a ƙarƙashin ƙasa, da mutanen da suka daɗe zaune a kewayensa cikin gidaje marasa tsayi. Wanda ya fara zana kyakkyawan bene a kwamfuta sannan ya koma neman yadda zai dasa shi a filin, ya soma aikin daga ƙarshe. A nan ƙasa ce ke fara nuna inda gini zai tsaya, maƙwabta su nuna iyakar tsayinsa, sannan mai zane ya shigo da basirarsa cikin abin da ya rage. Wannan jeri shi ne za a bi a nan gaba.

Fara da tarihin filin, tun kafin ka biya kuɗi

Aikin farko a ofis da bakin titi ake yin sa, ba a buƙatar katafila. Nemo tsofaffin taswirori da hotunan sama na shekaru daban-daban, ka jera su ka ga yadda wurin ya riƙa sauyawa. Duba takardun mallaka da lasisin sana'o'in da aka yi a ciki, da duk wani rahoton gobara ko malalar mai. Ka zagaya filin da ƙafa: murfin ƙarfe a ƙasa, bututun da ya leƙo sama babu dalili, wurin da ciyawa ta ƙi fitowa, ƙasar da ta yi baƙi ko take wari, duk alamu ne. Kada ka raina tsofaffin ma'aikata da dattawan unguwa. Sau da yawa su ne kaɗai suka san kusurwar da ake zubar da baƙin mai, abin da ba za ka taɓa gani a takarda ba.

Kowace sana'a da irin dattin da take bari. Gidan mai yana barin tankuna a binne da fetur da ya tsiyaya, cikinsa akwai benzin mai jawo cutar daji. Shagon wankin tufafi da sinadari yana barin ruwan wanki mai kulorin wanda ya fi ruwa nauyi, yakan nutse can ƙasa ya shiga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Wurin gyaran batir da tsohon fenti dalma suke bari, kuma dalma na lalata ƙwaƙwalwar yara. Majema tana barin kuromiyam, wani ƙarfe mai guba, wurin jiƙa katako da maganin gara yana barin gubar arsenik ko kwalta. Tsohon rufi da naɗin bututu sukan ƙunshi asbestos, wani zare na ma'adini da ƙurarsa ke lalata huhu. Juji kuwa iskar mitan, wadda ke fitowa daga ruɓaɓɓiyar shara kuma take kama wuta, yake fitarwa shekara da shekaru bayan an rufe shi.

Dalilin yin wannan kafin ciniki shi ne alhaki. A Ingila, dokar kare muhalli ta 1990 ta ɗora nauyin gyara a kan wanda ya gurɓata ƙasa, amma idan ba a same shi ba nauyin na iya komawa kan mai filin ko wanda ke zaune a ciki. A Amurka, dokar da aka yi a 2002 kan irin waɗannan filaye tana ba mai saye kariya, da sharaɗin ya yi cikakken bincike kafin ya saya. Ƙa'ida ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka sai ka tambayi lauya da hukumar muhalli ta wurin da filin yake, kuma kuɗin gyara ya fito daga farashin filin a lokacin ciniki.

Gwajin ƙasa

Tarihi ya nuna inda ake zargi, gwaji ne zai tabbatar. Injiniyan ƙasa zai haƙa ramukan gwaji da rijiyoyin burtsatse masu siriri, wasu a daidai wuraren da ake zargi, wasu a jere a faɗin filin don kada wani ɓangare ya tsira. Ana ɗibar ƙasa daga zurfi daban-daban a kai ɗakin gwaje-gwaje da aka amince da shi. A wasu ramukan akan bar bututu don auna ruwan ƙarƙashin ƙasa da iskar da ke fitowa.

Awon iska shi ne inda masu gaggawa suke cutar kansu. Awo ɗaya ba ya wadatarwa, domin iskar juji tana bin yanayi: idan nauyin iskar sama ya faɗi, sai ta tunkuɗo daga ƙasa da ƙarfi. Haka ta faru a Loscoe, wani ƙauye a Ingila, a watan Maris na 1986, lokacin da iskar mitan daga juji na kusa ta taru a wani gida ta tarwatsa shi bayan nauyin iska ya faɗi farat ɗaya. Mitan tana fashewa idan ta kai kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari na iskar da ke wuri. Saboda haka a yi awo sau da dama cikin makonni ko watanni, a tabbatar wasu sun faɗo a ranakun da nauyin iska ke sauka.

Tun da an riga an kawo injin haƙa, a haɗa da gwajin ƙarfin ƙasa. Yawancin irin waɗannan filaye cike suke da ƙasar ciko: ɓaraguzan gini, toka, ƙarafa, tsohon fandisho. Irin wannan ƙasa ba ta zama daidai a ko'ina, wani gefe ya ɗauki nauyi wani ya lotsa, bango ya tsage.

Ɗora zane a kan taswirar datti

Wannan shi ne matakin da ke raba aikin da zai yi riba da wanda zai tsaya rabi. Datti a ƙasa ba ya cutar da kowa sai abu uku sun haɗu: akwai gubar, akwai hanyar da za ta bi, akwai wanda za ta isa gare shi. Yaro da ke wasa da ƙasa yana kai hannu baki, mai shuka kayan lambu a bayan gida, mai barci a ɗakin ƙasa da tururin sinadari ke shigowa ta tsagar daɓe, ruwan sha da ke bi ta bututu a cikin ƙasa mai fetur. Idan ka yanke hanyar, ka kawar da haɗarin ko da gubar tana nan. Mai zane kuwa yana da ikon yanke hanyoyi da yawa da fensirinsa, ba tare da an kwashe tifa ɗaya ba.

Ka sa injiniya ya ba ka taswira mai launi: inda ya fi muni, inda yake da dama-dama, inda yake da tsabta. Shimfiɗa takardar zanenka a kai. Filin wasan yara, lambu da wurin zaman jama'a su tafi inda ƙasa ta fi tsabta. Titi, wurin ajiye motoci da dandamalin kankare su rufe inda ake da dalma, toka ko arsenik, domin waɗannan ba sa tashi sama, taɓawa da ƙura ne hanyarsu, kuma kwalta da kankare sun toshe ta. Gindin ginin kansa ma murfi ne a kan irin wannan ƙasa.

Amma a kula da bambanci guda. Gubar da ke tururi, kamar fetur da ruwan wanki mai kulorin, ba a rufe ta da ɗakin kwana. Gini yana zuƙo iska daga ƙasa, musamman idan cikinsa ya fi waje ɗumi, sai tururin ya taru a ciki. Inda aka sami irin wannan, ko dai a cire tushen gaba ɗaya, ko a bar wurin a buɗe, ko a ɗaga ginin a kan ginshiƙai a bar ƙasansa iska na ratsawa, a yi wurin ajiye motoci da kekuna a nan.

A nan ne gidan bene ya fi gidaje ɗai-ɗai dacewa da irin wannan fili. Gidaje 40 kowanne da lambunsa na nufin wurare 40 da mutum zai iya haƙa rami ya huda murfin ƙasa mai tsabta da aka shimfiɗa a kan datti, kuma babu mai sa ido. Fulat 40 a bene biyu ko uku da tsakar gida guda na nufin ƙasa ɗaya a hannun masu kula ɗaya, da doka ɗaya kan wanda zai haƙa da zurfin da zai kai.

Gyaran ƙasar

Abin da zane bai iya kaucewa ba sai a gyara shi. Tankuna da bututunsu a zuƙe abin da ke ciki, a fitar da iskar, a tono su, sannan a gwada bangon ramin da gindinsa. Wuraren da suka fi muni a kwashe a kai juji mai lasisin karɓar irin wannan datti. Kwashe ƙasa ita ce hanya mafi sauri, kuma sau da yawa mafi tsada, ga tifofi da za su riƙa ratsa unguwar mutane. Shi ya sa nake ganin a taƙaita ta ga ƙananan wurare masu tsanani. Ƙasa mai fetur ko gas ana iya tara ta a filin a riƙa juyawa tana shan iska har ƙwayoyin halitta su cinye man, in akwai lokaci da sarari. Ƙarafa masu guba ana iya ɗaure su da siminti ko farar ƙasa don kada ruwa ya wanke su. Tururi kuma ana iya zuƙo shi da injin ta bututu.

A wuraren shuka akan yi murfin ƙasa mai tsabta. A Birtaniya an saba da kaurin santimita 60 a lambunan gida, tare da shimfiɗa mai launi mai haske a ƙarƙashi don duk wanda ya haƙa ya gan ta ya tsaya. Ramin itace yana buƙatar fiye da haka. Ita ma ƙasar da za a kawo sai an gwada ta, don an sha kawo datti daga wani wuri da sunan ƙasa mai kyau.

Fandisho, bututu da ruwan sama

Idan ƙasar ciko tana da zurfi, benen zai buƙaci dogayen ginshiƙai da za su kai ƙasa mai ƙarfi. Haɗarin shi ne ginshiƙin ya huda yumɓun da ke raba datti da ruwan ƙarƙashin ƙasa, ya buɗe wa guba hanya. Injiniyan gini da na muhalli su zauna tare su zaɓi irin ginshiƙin da zurfinsa. Inda ƙasa ke da salfet da yawa, wato sinadarin da ke cin kankare, kamar wurin toka da ɓaraguzai, a yi amfani da kankaren da ke jure masa. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa kuma a yi tunani sau biyu kafin a zana shi, domin kowace mita da aka haƙa datti ne da za a biya kuɗin zubarwa.

Kariya daga iska hawa-hawa ce: daɓen kankare mai ƙarfe da ba ya tsagewa, shimfiɗar roba ta musamman da aka liƙe gaɓoɓinta, da sarari a ƙarƙashi wanda bututu ke fitar da iskarsa zuwa saman rufi. Yawancin matsala a wurin liƙi take, inda bututu ko waya suka ratsa robar. Wani mai duba da ba ɗan kwangilar ba ya gani da idonsa, ya ɗauki hoto, kafin a zuba kankare.

Bututun ruwan sha na roba yana barin fetur da wasu sinadarai su ratsa jikinsa. A Lekkerkerk, kusa da Rotterdam a Holan, a 1980 aka gano an gina sabuwar unguwa a kan sharar sinadarai, gubar ta kai ga bututun ruwa, aka kwashe mazauna gidaje sama da 250 aka tone ƙarƙashin gidajensu. A yi amfani da bututu mai ƙarfe a tsakiyar jikinsa ko na ƙarfe zalla, a kwantar da shi cikin rami mai ƙasa mai tsabta, yadda mai gyara nan gaba ba zai taɓa datti ba.

Ruwan sama ma haka. A fili mai tsabta ana son ruwa ya nutse cikin ƙasa, amma a nan nutsewar na wanke guba zuwa ƙasa. Kada a yi sokawe, wato ramin da ruwa ke nutsewa a ciki, a inda ake da datti. A tara ruwan a tanki ko kududdufi mai shimfiɗa a gindi, a sake shi a hankali zuwa magudana.

Tsayi da haƙƙin maƙwabta

Wanda ya shekara ashirin yana shan iska a bayan gidansa babu mai ganinsa, ba son kai ba ne idan ya damu da bene mai hawa biyar a jikin katangarsa. Abin da maƙwabta ke tsoro sananne ne: leƙe, inuwa, motoci a ƙofar gida, da ƙura lokacin aiki. Duk huɗun zane na iya rage su.

Auna tsayin gidajen da ke kewaye, ka bar ginin ya yi ƙasa a inda ya matso su, hawa biyu ko uku, ya ƙaru zuwa huɗu ko biyar a tsakiyar fili ko bakin babban titi. Hawa na ƙarshe a ja shi baya don kada ya danne titi. Hukumomin tsara birane da dama a Birtaniya suna neman tazarar kimanin mita 21 tsakanin tagogin ɗakuna masu fuskantar juna, kuma akwai awo mai sauƙi na haske: daga tsakiyar tagar maƙwabci, idan saman sabon gini bai haura kusurwar digiri 25 ba, da wuya ya tare masa haske sosai. Waɗannan alƙaluma na ƙasa mai ƙarancin rana ne. A ƙasa mai zafi inuwa alheri ce, abin da za a fi kula da shi shi ne hanyar iska da leƙe. Baranda ta kalli titi ko tsakar gida, tagar da ke fuskantar bayan gidan wani a ɗaga ta ko a karkata ta.

Dogon gini guda kamar katanga ba ya zama da kyau a irin wannan unguwa. Raba shi gida-gida, kowanne da faɗin da bai yi nisa da na gidajen layin ba, da ƙofofi masu buɗewa kan titi. Fulat na ƙasa su sami ƙofarsu ta kansu. Tsohuwar masana'anta yawanci katanga ce da ta raba unguwa biyu shekara da shekaru, don haka idan ka buɗe hanyar ƙafa ta ratsa filin zuwa tasha ko makaranta, ka ba maƙwabta abin da za su amfana da shi kullum. Ka kira su tun zane yana fensir, ka nuna musu sakamakon gwajin ƙasa ba tare da ɓoye komai ba.

Ba sai an yi dogon bene ake samun gidaje da yawa ba. BedZED, a Hackbridge da ke kudancin Landan, an kammala shi a 2002 da gidaje 82 da wuraren aiki a kan filin da a da ake shanya dattin magudana, kuma hawa uku ne. Unguwar Vauban a Freiburg ta Jamus barikin sojan Faransa ce har 1992, yanzu tana ɗauke da mutum sama da 5,000, mafi yawa a gine-gine masu hawa uku zuwa biyar.

Cikin ginin

Abin da ya fi komai tasiri ga jin daɗin mazauni shi ne fulat ya sami taga ta ɓangare biyu, iska ta shiga nan ta fita can. Hakan na samuwa idan kaurin ginin bai wuce mita 12 zuwa 14 ba, kuma kowace matakala tana hidimar fulat biyu zuwa huɗu a hawa ɗaya. Dogon lungu mai duhu da ƙofofi hagu da dama ya fi arha a takarda, amma rabin gidajen za su rasa rana ko su gasu da ita.

Ga girman ɗaki, ma'aunin Ingila na 2015 abin farawa ne mai kyau: murabba'in mita 50 ga fulat mai ɗaki ɗaya na mutum biyu, 70 ga mai ɗaki biyu na mutum huɗu. A gauraya manya da ƙanana. Unguwar gefen birni cike take da tsofaffi da gidansu ya yi musu girma amma ba sa son barin unguwa, da matasa da suka tashi a nan ba su da inda za su kama. Don tsofaffin, a yi ƙofa marar tudu da lif. Iyalai masu yara a ba su hawan ƙasa kusa da filin wasa. Kicin da banɗaki su hau kan juna daga ƙasa zuwa sama, wanda ke rage yawan ramukan da za a huda a robar kariya. Dokar gobara ta wurin, game da yawan matakala, kayan rufe bango da hanyar motar kashe gobara, a nemo ta tun ranar farko, domin tana iya sauya siffar ginin baki ɗaya.

Motoci

Kowace mota tana cin murabba'in mita 25 zuwa 30 idan aka haɗa da hanyar shiga, wato rabin ƙaramin fulat. In ka yi wurin ajiya da yawa ka cinye tsakar gida, in ka yi kaɗan motoci su cika layin maƙwabta. Auna tafiyar ƙafa ta gaskiya zuwa tasha: mita 400 kusan minti biyar ne, 800 minti goma. Idan sufuri na kusa kuma yana zuwa a kai a kai, a rage. A Vauban an tara motoci a manyan gareji a bakin unguwa aka bar layukan ga masu tafiya da yara. Ko a ƙaramin fili ana iya yin haka: motoci a gefe guda kusa da ƙofar shiga, a kan ƙasar da dama take buƙatar murfi.

Lokacin aiki da bayansa

Tsarin gyaran ƙasa a rubuce yake zuwa hukuma tare da zane, kuma a ciki a faɗi abin da za a yi idan katafila ta ci karo da tanki ko ganga da gwaji bai gano ba, domin hakan na faruwa sosai. Aiki ya tsaya a wurin, a kira injiniya, a sanar da hukuma. A ware kuɗin ko-ta-kwana fiye da na fili mai tsabta. A riƙa yayyafa ruwa don ƙura, a wanke tayoyin tifa, a rufe kayanta, a tsayar da sa'o'in aiki da hanyar da manyan motoci za su bi nesa da ƙofar makaranta. Ma'aikata su sami safar hannu, takunkumi da wurin wanka kafin su koma gida.

Bayan an gama, injiniya ya haɗa rahoton tabbatarwa: sakamakon gwajin ƙarshe, rasit na kowace tifa da inda ta zubar, hotunan roba kafin kankare, awon kaurin ƙasa mai tsabta. Banki da masu inshora za su nemi wannan rahoto, masu saye ma haka. Kwafi ɗaya ya zauna a hannun masu kula da ginin tare da taswira mai sauƙin karantawa da ke nuna inda ba a haƙawa, zurfin shimfiɗar gargaɗi, da bakin bututun iska da ba a toshewa. A rubuta waɗannan sharuɗɗa cikin takardar haya ko ta mallaka, kuma a sanya ranar duba bututun iska da murfin ƙasa cikin jadawalin gyaran gini na kowace shekara.